Abin da Takardar Tambayoyi Ba Ta Iya Ji: Yadda Ake Auna Manhajojin Lafiya na Waya

A tsakiyar shekarar 2014 wata manhaja mai suna Instant Blood Pressure ta shiga kasuwar wayoyin hannu a Amurka, ana sayar da ita dala 4.99. Alƙawarin da ta yi wa masu saye shi ne za ta auna musu hawan jini ba tare da na'urar nan da ake ɗaura wa mutum a damtse ba. Mutum zai shigar da shekarunsa da tsayinsa da nauyinsa, ya kara bakin wayar a ƙirjinsa ta ɓangaren hagu, ya ɗora manuninsa a kan kyamara, ya ɗan dakata, sai lambobi biyu su fito, ta sama da ta ƙasa, kamar yadda ake gani a asibiti. Kafin a janye ta daga kasuwa a watan Yulin 2015 an sayi kwafi wajen 148,000, ta kuma daɗe cikin jerin manhajojin da suka fi ciniki. Masu amfani da ita sun yi ta zuba mata taurari suna yabon sauƙinta. Sai daga baya wani likita, Timothy Plante, da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins suka zaunar da mutum 85, suka auna su da manhajar, suka kuma auna su da na'urar asibiti. Sakamakon da suka buga a 2016 ya nuna cewa a cikin kowane awo biyar da na'urar asibiti ta ce jini ya hau, kusan huɗu manhajar cewa take lafiya ƙalau.

Binciken da ya biyo baya ya fi wannan tayar da hankali. Da masu binciken suka duba ra'ayin waɗanda suka gwada manhajar, sai suka ga cewa mutanen da ta ba su lamba mai kwantar da hankali su ne suka fi nuna jin daɗinta da niyyar ci gaba da amfani da ita. Wato kuskuren da zai iya jefa mai hawan jini cikin shanyewar ɓarin jiki, shi ne kuma yake ƙara mata farin jini. Da a ce an raba wa waɗannan mutane takardar tambayoyi, an ce su faɗi ko manhajar tana da sauƙin sarrafawa, ko za su so su riƙa amfani da ita, ko za su tallata ta ga 'yan'uwa, da ta ci jarrabawa da maki mai yawa, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da za a ce ya yi ƙarya.

A kan wannan nake son tsayawa, domin takardar tambayoyi ita ce hanyar da aka fi bi wajen auna manhajojin lafiya da hidimomin lafiya na waya a duniya. Kamfanin nazari na IQVIA ya ƙiyasta a 2021 cewa manhajojin lafiya da ke kasuwa sun haura 350,000, kuma babu wata hukuma a doron ƙasa da ke da ƙarfin bin su ɗaya bayan ɗaya. Don haka ɗalibin da ke rubuta kundin digiri, da ƙungiyar agajin da ke son gamsar da mai ba ta tallafi, da kamfanin da ke neman kwangilar ma'aikatar lafiya, duk sukan koma ga abu mafi araha, su tambayi mutane, su haɗa maki, su rubuta rahoto. Abin da nake gani shi ne waɗannan takardu kayan aiki ne masu kyau da aka ɗora wa nauyin da ba nasu ba. Suna auna yadda mutum ya ji game da manhaja. Ba sa auna ko abin da manhajar take faɗa daidai ne, ko tana kare sirrin mai ita, ko ta canza wani abu a jikinsa. Duk wanda ya miƙa makin gamsuwa a matsayin shaidar inganci ya amsa tambayar da ba ita aka fi buƙata ba.

A fara da wadda ta fi kowace yaɗuwa, wato SUS. John Brooke ne ya tsara ta a 1986 lokacin da yake aiki da kamfanin kwamfuta na Digital Equipment Corporation a Ingila, shekaru da yawa kafin a san wayar da ake shafawa. Shi da kansa ya gabatar da ita a matsayin ma'aunin gaggawa don gwada tsarin kwamfutocin ofis. Jimloli goma ne, mutum ya zaɓi matsayinsa a kan kowace daga 1 zuwa 5, daga ƙin yarda gaba ɗaya zuwa cikakkiyar yarda. Jimla ta farko tana cewa mutum zai so ya riƙa amfani da tsarin a kai a kai, ta biyu tana cewa tsarin ya cika sarƙaƙiya ba gaira ba dalili, haka suke tafiya, ɗaya yabo ɗaya suka. Wajen lissafi, a jimlolin yabo ana cire 1 daga amsar, a na suka kuma ana cire amsar daga 5, a tara duka a ninka da 2.5, sai a sami maki tsakanin 0 da 100. Masana sun tattara ɗaruruwan gwaje-gwaje suka gano cewa matsakaicin maki yana wajen 68, shi ya sa za ka ga rahotanni suna murna idan manhaja ta sami 75 ko 80. Abin lura shi ne a cikin jimlolin nan goma babu wadda ta ambaci ciwo ko magani ko likita. Takardar da za a auna manhajar sayar da takalma da ita, ita ce dai za a auna manhajar lissafin allurar masu ciwon suga da ita, harafi bai canza ba. Wannan ba aibi ba ne ga SUS, domin haka aka yi ta. Aibin yana wajen wanda ya ga 80 ya ɗauka kashi 80 cikin 100 na inganci ne.

Masu bincike sun lura da wannan giɓi, suka yi ƙoƙarin cike shi. A Jami'ar Pittsburgh, Bambang Parmanto da abokan aikinsa sun fitar da takardar tambayoyi mai suna TUQ a 2016 don ganin likita daga nesa, sannan a 2019 Leming Zhou da su Parmanto suka fitar da MAUQ, wadda aka tsara musamman don manhajojin lafiya na waya. MAUQ kala huɗu ce, ta marasa lafiya daban, ta ma'aikatan lafiya daban, kowace kuma an raba ta tsakanin manhajar da ke haɗa mutum da likita da wadda ke aiki ita kaɗai. Wasu suna da jimloli 21, wasu 18, ana amsa su daga 1 zuwa 7. Ci gaba ne na gaske, domin tana tambaya a kan abubuwan da suka shafi lafiya kai tsaye, har da ko mutum yana ganin manhajar ta amfani lafiyarsa. Sai dai a nan ma abin da aka samu shi ne ganin mutum. Mai hawan jinin da manhaja ta ce masa jininsa daidai yake zai rantse cewa ta amfane shi.

Wata takardar mai suna MARS ta bi wata hanya dabam, kuma ta cancanci a daɗe a kanta, domin ita ce ake kawowa idan aka yi irin wannan suka. Stoyan Stoyanov da Leanne Hides da sauran abokansu a Jami'ar Fasaha ta Queensland da ke Ostireliya ne suka buga ta a 2015. Ba marar lafiya ne ke cika ta ba, mai tantancewa ne da aka horar. Tambayoyi 23 ne, 19 daga ciki sun kasu gida huɗu: jan hankali, da yadda manhajar ke aiki, da kyan gani, da ingancin bayani, ragowar huɗun kuma ra'ayin mai tantancewa ne na kansa. A 2016 aka fitar da 'yar'uwarta mai sauƙi, uMARS, don talakawan masu amfani. Sashen ingancin bayani yana tambayar ko abin da manhajar ta ƙunsa daidai ne, ko daga tushe amintacce ya fito, tambaya ta 19 kuma tana neman a faɗi ko an taɓa gwada manhajar a binciken kimiyya. To amma a dubi yadda ake haɗa makin. Ana fitar da matsakaicin kowane sashe, a haɗa huɗun a raba, ma'ana kyan launi da tsarin shafi suna da nauyi daidai da ingancin bayanin magani. Tambayar da ta shafi gwajin kimiyya ɗaya ce tak cikin 19, kuma idan ba a taɓa gwada manhajar ba, ana tsallake ta ne kawai, ba a rage maki. Tun a gwajin farko na MARS ɗin kanta sai da aka ajiye wannan tambaya gefe, saboda manhajojin da aka duba ba su da irin wannan shaida. Batun sirri kuwa ba ya cikin maki sam. Manhajar da ta yi fice a sassa uku ta yi rauni a na huɗu za ta iya fita da maki mai kyau, alhali na huɗun shi ne wanda zai iya kwantar da mutum a gado.

Misalan da ke nuna haɗarin wannan ba su da wuyar samu. A 2015 Kit Huckvale da abokan aikinsa a Imperial College da ke Landan sun tattara manhajoji 46 masu lissafa wa mai ciwon suga adadin insulin da zai yi wa kansa kafin cin abinci. Ba su tambayi kowa ra'ayinsa ba. Zama suka yi suna shigar da lambobi, na daidai da na kuskure, suna duba abin da zai fito. Kashi biyu cikin uku na manhajojin suna da haɗarin ba da adadin da bai dace ba, mafi yawansu ba sa ƙin karɓar lambar da hankali ba zai ɗauka ba, kuma guda ɗaya ce rak ba a samu wata matsala a cikinta ba. Insulin da ya yi yawa yana iya sumar da mutum cikin ɗan lokaci. Kafin wannan, a 2013, likitocin fata a Pittsburgh sun gwada manhajoji huɗu da ke iƙirarin gane sankarar fata daga hoto, uku daga ciki suka ce ba komai a kan kashi 30 cikin 100 ko fiye na hotunan da aka riga aka tabbatar sankara ce. Wadda ta fi dacewa ita ce wadda take tura hoton ga likitan fata na gaske ya duba. Babu takardar gamsuwa da za ta tono irin wannan, domin mai amfani da manhajar ba shi da abin da zai gwada amsarta da shi. Kamar jabun magani ne mai kyan kwali, wanda ya sha zai iya gaya maka ko yana da ɗaci, amma sai an kai shi ɗakin gwaji za a san abin da ke ciki.

Matsala ta biyu ita ce wane ne ma yake amsa tambayoyin. Tun 2005 Gunther Eysenbach ya ja hankali cewa a duk wani shirin lafiya na intanet, yawancin waɗanda suka fara suna zamewa tun ba a je ko'ina ba, ya ce ya kamata a ɗauki wannan zamewa a matsayin abin nazari, a daina ɓoye ta. A 2019 Amit Baumel da abokansa suka bi sawun yadda jama'a ke amfani da manhajoji 93 na lafiyar ƙwaƙwalwa a rayuwa ta zahiri, suka tarar cewa bayan kwana 30 da sauke manhaja, matsakaicin waɗanda ke buɗe ta bai wuce kashi 3.3 cikin 100 ba. Idan aka raba takardar tambayoyi a ƙarshen wata, su wa za su cika ta? Waɗannan 'yan tsirarun da suka saura, waɗanda dama abin ya yi musu. Matar da ta kasa wuce shafin rajista, da dattijon da rubutun ya yi wa ƙanana, da wanda datarsa ta ƙare, duk sun tafi da amsoshinsu, su ne kuma suka fi kowa sanin inda manhajar ta gaza. Wasu masu bincike suna kauce wa wannan ta hanyar tara mutane a ɗaki, a ba su waya da caji da intanet kyauta, su yi amfani da manhajar na 'yan mintoci da mai taimako a gefe, nan take su cika takarda. Makin da za a samu na wannan ɗakin ne da wannan rabin sa'ar, ba na gida ba ne bayan wata uku.

Hidimomin saƙon tes, waɗanda suka fi kusa da rayuwar yawancin mutanen Afirka fiye da manhajojin manyan wayoyi, sun ba da darasi mafi bayyana. A Kenya, gwajin WelTel da Richard Lester ya jagoranta, wanda aka buga a mujallar Lancet a 2010, ya ɗauki mutum 538 da suka fara shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki. Rabinsu ana tura musu ɗan gajeren saƙo sau ɗaya a mako ana tambayar ya jiki, su amsa ko lafiya ko akwai matsala, wanda ya ce akwai matsala ko ya yi shiru kwana biyu sai ma'aikaciyar jinya ta kira shi. Waɗannan sun fi sauran riƙon shan magani, an kuma ga bambancin a gwajin jini. Amma a Yawunde ta Kamaru, gwajin da aka yi da mutum 200 aka buga a 2012, inda ake tura saƙon ƙarfafa gwiwa duk mako, bai nuna an ƙara riƙon magani ba. A Karachi ta Pakistan an gwada tunatarwar kullum ga masu tarin fuka 2,207, sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna babu bambanci wajen warkewa tsakanin waɗanda aka tura wa da waɗanda ba a tura wa ba, masu amsa saƙon kuma suka yi ta raguwa da tafiyar watanni. Duk shirye-shiryen uku masu sauƙi ne, kuma da wuya a sami marar lafiyar da zai ce ba ya son asibiti ya tuna da shi. Abin da ya raba su bai fito daga takardar gamsuwa ba, sai da aka ƙirga ƙwayoyin cuta a jini aka kuma duba rajistar waɗanda suka kammala magani. Kuma akwai alamar cewa abin da ya yi aiki a Kenya shi ne mutumin da ke bayan wayar, wanda zai kira idan an yi shiru.

Idan aka kawo waɗannan takardu ƙasar Hausa, wasu matsalolin suna ƙaruwa a kan na asali. SUS da MARS da MAUQ duk da Turanci aka rubuta su, aka gwada su a kan mutanen da suka saba cika fom. Akwai ƙa'idar da Dorcas Beaton da abokanta suka shimfiɗa a 2000 kan mayar da irin waɗannan ma'aunai wani harshe: mutum biyu su fassara kowa daban, a daidaita, wasu da ba su ga asalin ba su mayar da shi harshen farko, kwamitin masana ya zauna, sannan a gwada a kan mutum 30 zuwa 40 ana tambayar kowa abin da ya fahimta. Aiki ne na watanni. Abin da ya fi sauƙin faruwa a fagen aiki shi ne a miƙa wa matashin mai tattara bayanai takardar Turanci, ya riƙa juya ta da ka a gaban kowace mace a layin awo, yau ya faɗa haka, gobe ya faɗa wani iri. Ko an fassara da kyau, tsarin jimlolin SUS na yabo da suka a jere yana rikita har masu Turancin, abin da ya sa Jeff Sauro da James Lewis suka gwada wani salo a 2011 wanda duk jimlolinsa suka fuskanci gefe guda. Ga kuma matakai bakwai na yarda da ke cikin MAUQ, waɗanda a takarda ido yana ganinsu a jere, amma idan da baki aka karanto su, kafin a kai na bakwai an manta na biyu. Sama da duka akwai kunya da kawaici. Matar da aka ba hidima kyauta, ga wanda ya kawo hidimar zaune a gabanta da riga mai tambarin ƙungiya, a harabar asibitin da gobe za ta dawo haihuwa, ba za ta dube shi ta ce abin bai yi ba. Za ta ce ba laifi, mun gode, Allah ya saka. Shi kuma zai duba takarda ya rasa inda zai sa “ba laifi”, sai ya zagaye 4. Masana ƙididdiga sun daɗe da sanin wannan karkata zuwa ga yarda a ko'ina cikin duniya, amma inda tarbiyya ta hana kushe kyauta a gaban mai ita, karkatar takan yi nauyin da zai iya cinye sakamakon baki ɗaya.

Akwai kuma tambayoyin da takardun ba su yi ba sam, saboda inda aka rubuta su ba a san da matsalar ba. Sun ɗauka waya ta mutum ɗaya ce. A gidaje da yawa kuwa wayar tana hannun maigida, ko ana karɓa-karɓa tsakanin mutum uku, ko tana kwana a shagon mai caji. Saƙon da ke tunatar da mace allurar tazarar haihuwa, ko ya ambaci sunan maganin da aka san na wace cuta ne, yana iya faɗawa idon da bai kamata ba, kuma abin da zai biyo baya ba ƙaramin abu ba ne a zaman aure. Wannan haɗarin na cikin gida ne. Na waje kuma mai waya ba ya ganinsa ko kaɗan. A 2015 su Huckvale sun binciki manhajoji 79 da hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta riga ta amince da su ta jera a shafinta, suka tarar cewa a cikin waɗanda ke tura bayanan da za a iya gane mutum da su ta intanet, kashi biyu cikin uku ba sa kulle bayanan. A 2021 hukumar kare masu saye ta Amurka ta cimma matsaya da kamfanin Flo, mai manhajar lissafin al'adar mata, kan zargin miƙa bayanan masu amfani da ita ga kamfanoni irin su Facebook da Google bayan ya yi alƙawarin sirri. Miliyoyin mata ne ke amfani da Flo suna jin daɗinta a daidai lokacin. Najeriya ta samu dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma bin dokar abu ne da sai mai ilimin fasaha ya buɗe manhaja ya duba inda bayanai ke tafiya.

Mai kare waɗannan takardu zai ce manhajar da ba a iya amfani da ita ba ta da amfani komai ingancin abin da ke cikinta, don haka auna sauƙi ba wasa ba ne. Gaskiya ne, kuma ba ni da ja a kai. Ma'aikaciyar lafiya a karkara da aka ba waya don shigar da bayanan rigakafi, idan sai ta danna wuri goma sha kafin ta rubuta yaro ɗaya, za ta koma ga littafinta, shirin ya mutu. A irin wannan wuri SUS tana da rana sosai, musamman idan ana gwada salo biyu na manhaja ɗaya don a ga wanda ya fi, ko ana son a san gyaran da aka yi ya rage wahala. Maki mai rauni gargaɗi ne da ya kamata a ɗauka da gaske. Abin da nake ƙi shi ne a juya maganar, a ce tunda maki mai rauni yana nuna matsala, to maki mai ƙarfi yana nuna babu matsala. Sauƙin amfani sharaɗi ne, kuma idan abin da ke ciki gurɓatacce ne, sauƙin ƙara yaɗa ɓarnar yake yi.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Za a ce gwaji irin na Kenya ko Karachi yana cin shekaru da maƙudan kuɗi, kafin a buga sakamako manhajar ta canza sau goma ko kamfanin ya rufe, ƙananan masu ƙirƙira a Kano ko Yamai kuma ba su da wannan hali, don haka dole a yi da abin da ake da shi. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba kowace manhaja ce ke buƙatar babban gwaji ba. Mai ƙirga takun tafiya ba ɗaya take da mai lissafa allura ba. Sai dai tsakanin takardar tambayoyi da gwajin shekara uku akwai fili mai faɗi da ake tsallakewa. Mutum 85 da na'urar awo suka isa a tona asirin Instant Blood Pressure. Binciken insulin a kan tebur aka yi shi, da waya da lissafi. Likita ɗaya da ungozoma ɗaya za su iya zama su bi saƙonnin shirin mata masu ciki ɗaya bayan ɗaya su gwada su da ƙa'idojin ma'aikatar lafiya cikin mako guda. Adadin waɗanda suka daina buɗe manhaja kuwa yana nan ajiye a kwamfutar masu ita, ba ya buƙatar ko kwabo, sai dai niyyar bayyana shi. Ina zargin cewa sau da yawa ba tsada ce ke sa a tsaya ga takardar tambayoyi ba. Ita ce hanyar da ta fi tabbas wajen ba da labari mai daɗi, kuma wanda ya gina manhajar shi ne yawanci yake raba takardar.

Hujja ta uku ita ce ta mutunci: an daɗe likitoci da injiniyoyi suna yanke hukunci a kan marasa lafiya ba tare da jin ta bakinsu ba, takardar tambayoyi kuma ita ce ƙofar da muryarsu ke shigowa. Ina tare da manufar, amma zagaye lamba tsakanin 1 da 5 ƙaramar ƙofa ce ƙwarai. Wanda yake son jin muryar mutane da gaske sai ya zauna kusa da mace ya ba ta wayar ya ce ta nemo ranar awonta na gaba, ya yi shiru yana kallon inda yatsanta ya tsaya. Sai ya bi waɗanda suka daina amfani har gida, ya aika wanda ba shi da alaƙa da shirin, mace ga mata, ya tambaye su abin da ya faru. Amsa guda irin “maigidana ne ke riƙe wayar da rana” ta fi maki ɗari na gamsuwa nuna abin da za a gyara.

Wasu hukumomi sun riga sun gyara jerin tambayoyinsu. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta tsara matakan tantance manhaja inda sirri da tsaro suke zuwa da wuri, sai shaidar asibiti, sannan sauƙin amfani, da nufin cewa wadda ta faɗi a matakin farko ba a wahalar da kai a kan na gaba. Jamus ta yi doka a ƙarshen 2019 da ta ba likitoci damar rubuta wa marar lafiya manhaja kamar yadda suke rubuta magani, inshora ta biya, amma sai hukumar magunguna ta ƙasar, BfArM, ta duba tsaro da kare bayanai, kamfanin kuma ya kawo shaidar amfani daga gwajin kwatance. Wanda bai da shaidar ana iya sa shi a jerin na wucin gadi na shekara guda ya kawo ta, kuma an riga an cire wasu daga jerin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan jerin abubuwa 16 da aka fitar a 2016 waɗanda ya kamata duk rahoton shirin lafiya na waya ya bayyana, ra'ayin masu amfani abu ɗaya ne a ciki, tare da kuɗin da shirin ke ci, da tsaron bayanai, da yanayin sabis da wutar lantarki a wurin, da waɗanda shirin bai iya kaiwa gare su ba. Ma'aikatar lafiya ta jiha ko mai ba da tallafi ba sa buƙatar kuɗin Jamus kafin su ɗauki wannan tsari. Idan aka ajiye musu rahoto mai cewa manhaja ta sami 82 a SUS, suna iya tambayar mutum nawa aka yi wa rajista tun farko, nawa ne suka cika takardar, wa ya karanta musu ita kuma da wane harshe, wane likita ya duba abin da manhajar ke faɗa, da kuma ƙasar da kwamfutar da ke ajiye sunayen marasa lafiyar take.